Hutun Edesi

Shekara ashirin da shida Edesi Namakhwa ta yi tana tsinkar ganyen shayi a gonar wani kamfani a Thyolo. A ɗakin kamfanin ta haifi 'ya'yanta uku, a nan ta yi takabar mijinta. Dokar ɗakin ɗaya ce: muddin sunanka na cikin masu tsinka, naka ne. Ran da aka cire sunan, sai ka san inda dare ya yi maka.

Aikin kuwa na yatsa biyu ne, babba da manuni. Ganye biyu da toho, a cilla kwandon baya, tun fitowar rana har wuya ya sage. A watan Agusta, wajen awon ganye, murfin bayan tarakta ya kuɓuce ya faɗo mata a hannun dama, ƙasusuwa uku suka karye. Kwana tara ta yi tana jiran layi a wani asibiti a Blantyre kafin a shiga da ita tiyata, aka soka mata wasu siraran wayoyi kamar tsinken saƙa. Da za a sallame ta, likitar, yarinyar da ba ta kai 'yarta ta fari ba, ta yi mata bayani har sau biyu: ta riƙa lanƙwasa yatsun kullum, ko da zafi, in ba haka ba za su sandare. Edesi ta ce ta ji.

Sai ga yayarta Delifa daga ƙauye, da ƙullin kaya da kaza a hammata. Delifa irin matan nan ce da ba a gama gaya musu magana. Da ta ji batun lanƙwasa yatsu sai ta riƙe haɓa.

"Karaya ake motsawa? A garin wa? Ita wannan likitar taku, ko ƙafar kaza ta taɓa ɗorawa?"

Ta naɗe hannun da zane, ta ɗaure mata shi a ƙirji. A danginsu mara lafiya ba ya ɗaga ko ludayi, abin kunya ne a gani. Delifa ke tuƙa nsima, tuwon masararsu, ita ke gutsura ta ba ta a baki, ita ke cuɗa mata baya. Edesi kuwa, wadda tun tana 'yar shekara goma ba wanda ya taɓa miƙo mata ruwa tana zaune, ta jingina da bango tana kallon mata na wucewa da kwanduna. Barci take har rana ta take. Wani lokaci maganar likita takan faɗo mata, sai ta ce gobe.

Bayan mako shida aka zare wayoyin. Hoto ya nuna ƙashi ya haɗe sumul. Likitar ta ce ta dunƙule hannu, yatsun suka ɗan rusuna suka tsaya nan. Ba ta yi faɗa ba, ajiyar zuciya kawai ta yi, ta tura ta wajen masu motsa gaɓa, sau biyu a mako. Blantyre ba nan kusa ba ce. Sau uku Edesi ta je.

Ruwan farko ya sauka a Nuwamba, shayi ya tofo ko'ina. Helmansu, Bambo Chikopa, yana da kirki iya kirkin helma, ya ba ta kwana uku ta gwada. Hagu na tsinka, dama na shafar ganye kawai. Rana ta uku kwandonta bai kai rabin na sababbin zuwa ba. Chikopa ya ba ta haƙuri yana kallon takalminsa, ya ce tana da zuwa ƙarshen wata ta bar ɗakin.

Ran haɗa kaya Delifa ta zauna a kan turmi tana kuka.

"Ni na cuce ki, ƙanwata. Da hannuna na ɗaure shi."

"Bar kuka, Yaya," in ji Edesi. "Na ji abin da likita ta ce, kuma ban manta ba ko rana ɗaya. Hutun ne ya yi mini daɗi."

Ta tura mata ƙullin tukwane da ƙafa, don ita ba ta iya ɗaurewa.