Ranar da Muka Kai Hajiya Inda Wuta Take

Shekarun baya, lokacin ina sayar da ƙanƙara da zoɓo a Gumel, aka kawo sabon shugaban ofishin wutar lantarki, ya kama haya a gidan da ke jikin namu. Murna kamar in yi rawa. Na ce wa matata mun rabu da duhu, ai ba za a bar gidan oga babu wuta ba.

Wutar da ake turo wa garin ba ta isar kowa. Kafin zuwansa unguwar manya ce ke sha, mu kuwa sai dai a ƙyalla mana a ɗauke. Mutumin nan ya tara masu unguwanni da masu injin niƙa da masu walda, ya ce a raba: yau wannan ɓangare, gobe wancan, layin asibiti kuma ba mai taɓa shi. Na ce a raina za mu gani.

Da bazara ta yi tsanani, mahaifiyarsa ta zo daga Gagarawa ganin likita, tsohuwa mai ciwon numfashi. Wata rana da azahar, ranar da ba tamu ba, na shiga gaishe ta na tarar da ita kwance a tabarma tana haki, matarsa na yi mata fifita. Na ja shi soro na ce ya buga waya kawai a juyo mana wuta, ba wanda zai ga laifinsa. Allah Ya sani tausayin tsohuwar nake ji, amma ƙanƙarata da ke narkewa ma tana raina.

Ya ce, "Malam, wancan ɓangaren ma akwai iyayen mutane. Yau ranarsu ce."

Sai ya tambaye ni ko ina da wani a can. Na ce akwai gwaggona. Ya tare adaidaita, muka tallabo Hajiya muka sa ta ciki. Gwaggo ta yi mata shimfiɗa a ɗakinta ƙarƙashin fanka, ta kawo ruwan sanyi. Kafin la'asar numfashi ya daidaita, har tsofaffin biyu sun shiga hira. Da gwaggo ta ji cewa wanda ke tsugune a bakin ƙofarta shi ke da ikon wutar garin, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Allah Ya yi maka albarka, ɗan nan."

Labari ya zaga gari, masu hali suka daina zuwa ofishinsa neman alfarma. Wutar ba ta ƙaru ba, amma kowa ya san ranarsa, ya tsara sana'arsa a kanta.

An daɗe da mayar da shi wani gari. A wurinsa na gane cewa ba ƙarancin wuta ne ya fi ƙona mana rai ba, zargin cewa wani na can yana shan rabonka ne. Na sha zafi da yawa a rayuwata, amma na zamaninsa ne kaɗai ban taɓa jin haushinsa ba, don na san shi ma yana bayan katangata yana sharce gumi.