Littafin Yaya na Bakwai

Yayata ba ta wuce aji uku na sakandare ba, amma ta fi ni alƙalami, ni da na je har jami'a. A gidan aurenta da ke Yerimaram take rubutu, cikin littattafan nan na 'yan makaranta. Mijinta dillalin shanu ne, ranar Laraba tun da safe yake tafiya kasuwa sai magariba, don haka Laraba ta zama ranarta. Sai ta ɗora tukunya ta zauna bakin murhu da biro. Shi ya sa littattafanta duk warin hayaƙi suke yi, wasu shafukan ma da tabon manja.

Labarai take ƙagawa. Matan unguwa su taru a tsakar gidanta ana kitso tana karanta musu, wannan ta ce Allah sarki, waccan ta ce wallahi kamar a gidana aka yi. Ni kuwa in na hawo keke daga unguwarmu Dogo Nini, da bakina nake zuwa. Na sha muhawara a makaranta kan 'yancin mata, ina ji da kaina.

"Yaya, matan labaranki duk jirgi ɗaya ya kwaso su," nakan ce mata. "A wulaƙanta su, su yi kuka, a ce su yi haƙuri, su yi. Fim haka, littafi haka, ke ma haka? Babu wadda za ta buɗe baki ko sau ɗaya?"

Sai ta yi dariya ta ce, "'Yar boko ke nan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Ashe maganar ta zauna mata. Wata Laraba ta ce mini ta fara littafi na bakwai, kuma matar da ke ciki ba za ta yi haƙuri ba. Na miƙa hannu ta buge shi. "Sai na gama," in ji ta. "Ke za ki fara karantawa, tunda ke ce mai tsegumi."

Zazzaɓin kwana biyar ya ɗauke ta a ƙarshen damina.

Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon kayanta. Maza suna kan tabarma a tsakar gida: Baffa, ƙanin mahaifinmu, da mijinta, da limamin unguwa. Mu mata muna fito da kaya daga ɗaki, kwanuka, atamfofi, keken ɗinki. A ƙasan wata kwalla aka tarar da littattafan, bakwai cif, ɗaure cikin leda.

Baffa ya buɗe na farko. Yaya ba ta fara komai sai ta rubuta Bisimilla da Larabci a saman shafi. Ya buɗe na biyu, ya buɗe na uku, duk haka.

"Wannan ba kayan gado ba ne," ya ce. "Akwai sunan Allah a ciki. In aka bar su yara za su yayyaga, ko a ƙunsa ƙosai da su, a tattake. A ƙona, a binne tokar."

Kowa ya gyaɗa kai. Ba mugunta ba ce, haka muke yi da duk takardar da ke ɗauke da sunan Allah, kuma abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau. Baffa ya girmama layin farko, amma idonsa bai sauka kan na biyu ba. Ni ya miƙa wa ledar, wai ni ce mai ilimi, na san darajar takarda.

Abin da zan ce bai fi "Baffa, a bar mini su" ba. Amma a wurinmu mace ba ta sa baki a rabon gado, kada a ce tana kwaɗayin kayan mamaci, ga kuma dangin miji sun zuba ido. Na karɓa da hannu biyu.

Gwaggo, yayar mahaifinmu, ta biyo ni bayan gida da ashana da kalanzir. Na sa shida a wuta. Na bakwai na buɗe. Rubutun ya kai shafin ƙarshe, ashe ta gama ba ta samu gaya mini ba. A shafin farko wata mata ce tsaye a bakin zaure, maza suna zaune, ta yi gyaran murya. Iyakar abin da na karanta ke nan.

"Yi sauri, 'yata, maza suna jira," in ji Gwaggo.

Hijabina babba ne, da na cusa littafin ciki da ya shige. Na yi wannan tunanin, ba zan yi ƙarya ba. Tsoro na ji kada Gwaggo ta gani ta faɗa. Na sa shi a wuta, na tsaya har ya cinye, muka binne tokar a gindin darbejiya.

Da muka dawo Baffa ya dube ni, ya ga idona ya yi ja amma ban ce uffan ba. Ya juya wurin liman.

"Allah ya yi mata albarka," ya ce. "Yarinyar nan akwai haƙuri."