Muryar Jummai da Layin Baya

A gidan haya na tashi a Agege, kusa da layin dogo, inda idan jirgi zai wuce sai kwanonin ɗakinmu su kama rawa. A ƙofar gidan nan kakarmu take suyar ƙosai da yamma. Iya muke ce mata, mu da 'ya'yan Yarbawan gidan duka. Idan ƙullu ya ƙare ba ta kashe gawayin, sai ta jawo murhun tsakar gida bayan magariba, ta miƙe ƙafa, mu kewaye ta muna rabon guntayen ƙosan da suka ƙone. Sai ta ce, "Ga ta nan tafe, wa zai tarbe ta?" Mu ce, "Mu ne, ta shigo."

Tatsuniyar Iya ba ta tafiya ba waƙa. Idan aka iso wurin waƙar, mutum ɗaya ke bayarwa, saura su amsa, kuma kullum ƙanwata Jummai ce mai bayarwa. Na girme ta da shekara ɗaya da rabi, na fi ta karatu, na fi ta baki, amma da ta buɗe murya har matan da ke wanke-wanke a bakin famfo sukan tsaya. Ni kuwa idan na ɗaga tawa a amshi, sai Iya ta toshe kunne ɗaya ta ce, "Rabi, a hankali, kada masu jirgi su zaci an zo tasha." Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, amma abin yana ci mini rai. Kishin yarinyar nan nake yi, har ina jin haushin yadda take lumshe ido idan tana waƙa.

Ina aji biyar aka kawo mana malamin waƙa a makaranta, wani dogon Bayarabe mai yawo da sarewar roba a aljihu. Ranar Alhamis kawai yake zuwa. Ya ce zai haɗa 'yan waƙa da za su je gasar makarantun yankinmu, ya jera mu, kowa ya rera layi ɗaya. Da Jummai ta yi nata sai ya kama hannunta ya kai ta gaba. Da na yi nawa, ko ƙarasawa bai bari na yi ba.

"Oya, koma layin baya," in ji shi. "Ki riƙa buɗe baki tare da su, amma kada ki fitar da murya."

Haka yake yi da duk wanda muryarsa ba ta yi masa ba. Muna cika layi don a ga yawa, muna motsa leɓe kamar kifi a roba. Mako uku ina wannan aikin, ina kallon ƙeyar Jummai.

Da gasa ta matso, aka ce 'yan layin gaba za su riƙa zuwa gwaji a zauren wata makarantar mishan, saboda can ne ake da fiyano. Ranar da na ji haka na jira Baba ya dawo daga kwata, ya yi wanka, na kai masa abinci, na durƙusa.

"Baba, ka san coci ake kai su Jummai yin waƙa?"

Na san zaure ne, na san waƙoƙin ƙasa ne da na wasan yara. Amma zauren yana cikin harabar cocin, sai na riƙe wannan na bar sauran. Baba bai tambayi kowa ba. Ya kira Jummai ya ce daga yau ba ita ba waƙar makaranta. Ta yi kuka har idonta ya kumbura, ni kuma na ci tuwona na sha ruwa.

Kwana biyu bayan haka muka zauna gaban murhu, Iya ta kawo tatsuniyar da ban taɓa ji ba. Wai wani manomi ne yake da 'ya'ya mata biyu da ke masa tsaron gero. Ƙaramar tana da murya, idan ta hau rumfa ta fara waƙa sai tsuntsaye su jeru a kan bishiya suna saurare, su manta da abin da ya kawo su. Masu wucewa suna ta sa mata albarka, babbar kuma ba wanda ya san tana gonar. Rannan sai babbar ta je wurin ubansu ta ce, "Baba, waƙar ƙanwata ce ke tara mana tsuntsaye, zo ka gani." Ya zo ya ga bishiya cike, ya hana ƙaramar waƙa. Washegari tsuntsaye suka zo kamar yadda suka saba, suka jira, ba su ji komai ba, sai suka sauka a kan geron. Babbar ta hau rumfa ta ce bari ita ta rera.

Nan Iya ta tsaya, don an iso wurin waƙa. Duk muka juya ga Jummai. Ta sunkuyar da kai ta ce Baba ya hana ta.

"To," in ji Iya, tana juya gawayi ba ta ko dube ni ba, "Rabi, bayar. Ai yau fili naki ne."

Abin da na yi shekaru ina jira ke nan. Iya ta faɗa mini baitin, na ja numfashi na rera, "Tsuntsu zauna bisa reshe, geron nan ba naka ba ne." Muryata ta fito a karkace, tana rawa. Yaran suka yi tsit, wani ma ya danne dariya. Sai na ji an amsa daga gefena, a hankali, "Zauna, zauna." Jummai ce. Ko a amshin ma ta fi ni, kuma wallahi a lokacin haushin hakan ya fi kunyar yawa.

Iya ta ƙarasa a gurguje. Tsuntsaye ba su saurari babbar ba, gero ya ƙare, gidan suka yi shekara suna aron hatsi. Wani yaro ya ce babbar muguwa ce.

"Ta yi laifi," in ji Iya. "Amma da zan ga mai gonar, da na tambaye shi me ya hana shi ba ta ko gwangwani ta riƙa kaɗawa. Yaro idan ka ce ya tsaya ya yi shiru, bakinsa zai nemi wani aikin." Ta karkaɗe zane ta ce tatsuniya ta koma gidansu, kowa ya tashi.

Ban je na gyara maganata wurin Baba ba. Aka yi gasa ba Jummai. Shekara na zagayowa aka ɗauke malamin, waƙa ta fita daga jadawali, ba a sake kawo wani ba har muka gama.

Yanzu ni ma malamar firamare ce a Agege, Iya da Baba duk sun rasu. Sai da na tsaya gaban aji na gane rabin maganar Iya na biyu, don na farkon na gane shi tun a daren. Na dami shugabar makarantarmu har ta ba ni rabin awa ranar Alhamis don waƙa. Ba mu da fiyano, bokiti muke kifewa, mu zuba tsakuwa a gwangwanin madara. A ajina ba mai motsa leɓe a banza, mai muryar kwaɗo ma sai ya rera a ji shi, a gyara masa. Matsalar ita ce ni ce mai bayarwa, kuma muryata tana nan yadda Allah ya yi ta.

Don haka bara na je shagon ɗinkin Jummai. Na daɗe ina kewaye-kewaye, sannan na faɗa mata abin da na gaya wa Baba. Ba ta ɗaga ƙafa daga keken ba.

"Yaya, sebi ai na sani," ta ce. "Ina bayan labule lokacin da kike faɗa."

"Kuma kika amsa mini waƙa?"

"To ya zan yi? Ba wanda ya amsa miki."

Na tambaye ta ko za ta riƙa zuwa tana bayar wa yarana waƙa. Ta yanke zare ta ce sai dai ta gwada, shekara talatin rabonta da rerawa a gaban mutane.

Tana zuwa yanzu. Da yaran sun hango ta a bakin ƙofa sai su wuce ni a guje suna kiran Anti Jummai, kamar ba ni na yi faɗan rabin awar nan ba. Har yau idan ta lumshe ido ta fara, ina jin kishin nan ya taso mini a ƙirji, bai tsufa ba ko kaɗan. Sai in haɗiye shi, in tsaya cikin yaran in yi amshi. Kuma duk Alhamis ni nake zuwa shago in ɗauko ta, don kada ta makara.