Na Je Sharaɗa Koyar da Turanci, Na Dawo Gida Ba Murya

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. Ka taimaka ka ba ni ɗan fili in sauke abin da ya daɗe yana damuna. Ba zan kama sunan kowa ba, har da nawa.

A lokacin da wannan abu ya faru, ni malamin Turanci ne a wata makarantar sakandare ta kuɗi a Kumasi, ƙasar Ghana. Haifaffen zango ne ni, wato unguwar Hausawa ta can. Fataucin goro ya kai kakana can ya zauna, don haka Hausa muke yi a gida, irin tamu. Ina da mata da 'ya ɗaya wadda ko makaranta ba ta isa shiga ba. Wani abokina ne ya kawo min labarin cewa wani kamfanin roba a Sharaɗa, a Kano, yana neman wanda zai koya wa shugabannin leburori Turanci, saboda an kawo sababbin injina da injiniyoyi 'yan Indiya, kuma ba sa fahimtar juna. Albashi ya fi nawa, ga ɗaki kyauta. Matata ta yi ta ja da baya, ni kuwa na ce mata ai Kano ba baƙon wuri ba ne, garin kakannina ne, gida zan je.

Makon farko ya isa ya nuna min ni baƙo ne. Ran da na ce wa mai gadin kamfani "matata ya gaishe ka", sai da ya riƙe ciki don dariya, kafin yamma kowa ya ji. Mu a can ba mu damu da bambanta mace da namiji a magana ba, a nan kuwa duk inda na buɗe baki sai a ɗago a dube ni. Daga ranar na zama Malam Ɗan Gana. Ƙananan abubuwa ne suka fi gajiyar da ni. Layin waya da sunan direban kamfani aka saya min, banki suka ce sai na kawo katin zama, shinkafa da wake ma ba irin dafuwar da na saba ba. Manajan ma'aikata ya karɓi fasfona ya ce kamfani zai yi min katin, duk sanda na tambaya sai ya ce mako mai zuwa in sha Allahu. Ɗakin da aka ba ni yana bayan gidan injiniyoyin a Bompai. Su kai kawai suke ɗaga min in mun haɗu a ƙofa. Ni kuma sai na riƙa ɗaga wa leburori kai irin haka. Na ɗauka mutuncin malami ke nan. Ina cin abincina ni kaɗai a aji, ina komawa ɗaki in rufe ƙofa. Akwai wani dattijo mutumin Maraɗi a cikin ɗalibaina, shugaban masu aikin injin buta, da ya gayyace ni suna a unguwarsu ta Ɗorayi. Na ce masa ina da aiki, alhali kwance na wuni ina kallon fanka.

Ajin nawa tsohon sito ne, bango ɗaya ya raba mu da injin da ke niƙe tsofaffin robobi. In an ɗauke wuta kuma janareto na bayan taga. Lokacin canjin aiki ake ba ni ɗaliban, wasu sun kwana tsaye idanunsu jajir, wasu na sauri su karɓi inji. Ba yadda za a yi su ji ni sai da ihu. Haka nake wuni ina ƙwala "wannan bawul ne", "ka rage zafi", "inji ya tsaya" da Turanci, suna maimaitawa, rabinsu na gyangyaɗi. Wasu ranakun kuma a tura ni kamfanin jima na mai kamfanin a Chalawa, inda warin sinadari ke kama maƙogwaro tun daga bakin titi. Na roƙi a canza mana ɗaki ko a sayo lasifika. Manaja ya ce za a duba. Ban sake matsawa ba, don ina tsoron a ce baƙon nan ya cika ƙorafi.

Tun kafin in cika shekara muryata ta fara dushewa. Na sha citta da zuma, na sha lemon tsami a ruwan ɗumi, duk wanda ya faɗi magani sai na gwada. Da abin ya ƙi, na je asibiti. Likita ya leƙa maƙogwarona ya ce jijiyoyin muryar sun ji rauni, dole in yi shiru na makonni, ko raɗa kada in yi, in ba haka ba zan iya rasa ta har abada. Na fito na zauna a bakin titi ina tunani. Aikin, da ɗakin, da fasfon duk a hannun mutum ɗaya suke. Malamin da ba ya magana me zai yi wa kamfani? Sai na yanke in ci gaba har hutun sallah, in huta gaba ɗaya. Ban gaya wa manaja ba, ban gaya wa matata ba.

Ban kai sallar ba. Wata safiya ina tsaye gaban allo na buɗe baki, sai iska kawai ta fito. Na yi gyaran murya na sake gwadawa, babu. Na sha ruwa na sake, babu. Mutane cike da ɗaki suka zuba min ido, injin niƙa na ta ruri a bayan bango, ni kuma ina ta motsa baki kamar kifin da aka fito da shi daga ruwa. Dattijon nan ne ya taso ya karɓi allin daga hannuna, ya ce, "Malam, zauna haka nan. Wallahi mun daɗe muna jin tausayinka, kai ne ba ka ba da fuskar a faɗa maka ba."

Manaja ya jajanta min da murya mai laushi. Ya ce kamfani ba zai iya riƙe aji babu malami ba, kuma wanda za a ɗauka yana buƙatar ɗakin, don haka in shirya kayana kafin ƙarshen mako. Da na nuna masa da hannu ina son fasfona, sai ya jawo aljihun tebur ya miƙo min. Ashe ko ƙofar ofishin shige da fice bai taɓa kaiwa ba. Ya ce ai ni ɗan Afirka ta Yamma ne, ba wanda zai tambaye ni. Ni kuwa na san wa'adin da aka ba ni a kan iyaka ya wuce tuntuni. Ina da maganganu cike da baki, amma ba abin da zan fito da su. Na tashi na fita.

Ranar da zan bar ɗakin ban san inda zan dosa ba. Ina zaune kan jakata sai ga dattijon da adaidaita sahu. Bai tambaye ni ra'ayina ba, ya ce wa direba ya ɗauki kaya. Ɗorayin da na ƙi zuwa suna, can ya kai ni. Ɗaki ne da shi da wasu 'yan garinsu ke haya, masu aikin rana su kwana, masu aikin dare su dawo da safe su hau shimfiɗar. Suka ware min katifa ta jikin bango. Kullum da safe wani zai ajiye min koko mai ɗumi kafin ya fita. Su ma baƙi ne kamata, iyalansu na can Nijar, wasu sai shekara suke leƙawa. A nan na ga yadda baƙi ke zama a garin mutane. In ɗaya ya kwanta ciwo, ɗaya ya karɓar masa aiki, in an yi wa wani rasuwa duka su tashi. Na yi wata da watanni a garin ban san da wannan ba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne gida. Tunda muryar ta ɗauke na daina ɗaga waya, sai saƙo nake turawa in ce aiki ya yi yawa. Matata ta yi haƙuri har ta gaji. Daga baya yayanta ya turo min saƙo mai zafi, ya ce in aure na yi a Kano in fito fili in sallami ƙanwarsa. Na nuna wa ɗaya daga cikin abokan zamana da ya iya karatu, shi kuma ya gaya wa dattijo. Bayan sallar Juma'a dattijon ya ce in kira ta in ba shi. Ya gaishe ta, ya faɗi ko shi wane ne, sannan ya ce, "Hajiya, mijinki bai yi aure ba, bai kuma guje ki ba. Murya ce ta tafi. Ga shi nan a gabana yana jin ki, ki yi masa magana." Ya kanga min wayar a kunne. Ta yi kuka, ta yi faɗa, ta sake yin kuka, ni dai sai gyaɗa kai kamar tana ganina. Can sai ta ba 'yata. Yarinyar ta kira Baba, ta sake kira, ta jira. Na matse maƙogwaro iya ƙarfina, ko tari bai fito ba. Sai na ji tana ce wa uwarta ba kowa a ciki, ta miƙa mata wayar ta tafi wasanta. Dattijon ya kashe wayar ya fita waje ya bar ni.

Bayan wani lokaci muryar ta dawo, amma ba wadda na sani ba, wata 'yar siririya ce mai kaushi. Likita ya ce ana iya yin aiki, sai dai ba zai yi min alkawarin komai ba, don na riga na yi mata illa. Wasu 'yan ƙasarmu da dattijon ya nemo min a Sabon Gari ne suka yi ta zirga-zirga da ni ofishin shige da fice har aka warware maganar takardu. Abokan zamana suka raka ni tasha. Na so in yi musu godiya yadda ya kamata, abin da ya fito bai taka kara ya karya ba, sai hannu muka yi ta riƙewa.

A gida tsohuwar makarantata ta karɓe ni, amma ko darasi ɗaya ban iya kaiwa ƙarshe ba, na ajiye da kaina. Yanzu takardun jarrabawa nake dubawa, sai wasu manya ƙalilan da ke zuwa gida ina koya musu a kusa da kusa. Matata ta yafe min, ko da yake har yau takan ce ba ciwon ne ya ɓata mata rai ba, ɓoyewar ce.

Ba na cewa kada kowa ya fita koyarwa wata ƙasa, kuma ba na ƙullatar Kano, don a can na ga mutanen da suka riƙe ni ba dangin iya ba na baba. Amma duk mai shirin tafiya ya ji daga gare ni. Kada ka yarda aikinka da makwancinka da takardunka su taru a hannun mutum ɗaya, don ranar da jikinka ya gaza ba za ka iya cewa a'a ba. Ka nemi mutane tun kana da lafiya, ko da kana ganin ka fi su boko. In likita ya ce ka tsaya, ka tsaya, aiki zai sami wani ya ci gaba. Kuma kada ka ɓoye wa iyalinka halin da kake ciki da sunan kana tausaya musu. Ni na saɓa duka waɗannan, na ga sakamakon. Yau ko 'yata ce a tsakar gida nake son kira, sai dai in taso in je in dafa kafaɗarta.