Kadan Duwatsu a Makullin Kaka

Kakata ta wajen uwa, Kaka Ige, bandar kifi take yi a Argungu, kuma ban taɓa ganin mai zargi irinta ba. In ka gaishe ta da fara'a sosai, sai ta fara tunanin abin da ka ɓata. Duk hutun makaranta akan ɗauko ni daga Birnin Kebbi a kai ni wurinta, kuma abin da na fi so a gidan shi ne bayan isha'i, lokacin da take zama gaban wutar banda tana juya kifi, mu jikoki mun kewaye ta, hayaƙi na sa mu hawaye amma ba mai tashi. A nan take mana tatsuniya.

Sai dai tatsuniyar Kaka ba ta banza ba ce. In wani abu ya ɓace a gidan, ko ta ji ƙishin-ƙishin, ba ta tambayar kowa. Sai ta ƙirƙiro labarin da ya yi kama da abin, tana faɗa tana bin fuskoki da ido a hasken wuta. Wanda ya sunkuyar da kai, ta gama da shi.

A hutun da nake magana, muna da baƙuwa, Iya Bose, Bayarabiya maƙwabciyarmu a Birnin Kebbi. Ta daɗe tana zuwa sarin busasshen kifi, kuma a gidan Kaka take sauka. In tana jiran kifi ya bushe, sai ta fito da gwangwanin ƙananan duwatsun ado tana ƙulla abubuwa. Na nace mata har ta yarda ta koya min mafi sauƙi, wato ɗan kada na rataya makulli. Za ka ninka zare biyu, ka zura duwatsu ta baki ɗaya, ka shigo da ɗaya bakin ta ɗaya gefen ka ja, layi ya zauna. Haka layi bayan layi, daga baki har wutsiya. Zarenta ya ƙare, ta ce ai na fatsa ma ya fi ƙarfi, in roƙi Kawu Manu.

Kawu Manu masunci ne, shi kaɗai ya rage wa Kaka cikin 'ya'yanta maza. Da hannunsa ya yanko min zaren. Da na gama kadana, kore mai jajayen idanu, shi na ba wa, ya yi dariya ya maƙala a makullin kwaɗon da yake ɗaure kwalekwalensa. Aka yi rashin sa'a, a kwanakin nan komarsa ta kamun kifi ta yage, ya yi ta dawowa hannu banza, sannan ƙaya ta soke shi ƙafa ta kumbura.

Ran nan da muka zauna, Kaka ta ce, "Ku matso, ga wata ta zaka. Iya, ke ma matso, ba ta ƙanana ɗai ba ta." Na san akwai magana, don ba ta taɓa gayyatar babba ba.

Ta ce an yi wani masunci da ya gagari kadoji, don ba su san ƙamshinsa ba. Sai uwar kadoji ta rikiɗe ta zama mace, ta zo gidan uwarsa a baƙuwa. Ta ci tuwonsu, ta goyi 'ya'yansu, kowa na yabon halinta. Da ta ga an sake da ita, sai ta aiki yarinyar gidan ta samo mata zare daga kayan sana'arsa. Ta ƙulla ɗan kada da shi, ta sa yarinyar ta kai masa kyauta. Ranar da ya shiga ruwa da abin, kadoji suka ji ƙamshin ɗansu a jirginsa, suka taso.

Nan Kaka ta tsaya. Ta kwance haɓar zanenta, ta ɗago kadana a hasken wuta, idanun nan na ƙyalli, ashe ta cire shi daga makullin Kawu.

Na ce, "Kaka, ni fa na yi shi!"

"Na sani, 'yar birni. Wa yak koya miki?"

"Iya."

"Wa yac ce ki amso zaren Manu?"

Na dubi Iya Bose. A wurin Kaka lissafin ya cika: abin jikin mutum, an ƙulla shi ƙulli-ƙulli, an yi masa siffar abin da masunci ya fi tsoro, an kuma ba shi ta hannun yarinya. Ta ce wa Iya in ba ta wanke kanta ba, gobe ta nemi wani masauki. Kowa ya san wadda Kaka ta kora da irin wannan magana, ba mai banda a unguwar da za ta sake sayar mata da ko kan tarwaɗa.

Iya ba ta sunkuyar da kai ba. Ta ce, "Inna, in ana shakkar laya, me ake mata?"

"Hwarke ta a kai."

"To farke."

Kaka ta sa wuƙar kifi ta tsarge min kada tun daga baki har wutsiya. Duwatsu suka watse cikin toka, ni kuwa na fashe da kuka, don shi ne abu na farko da hannuna ya taɓa yi. Babu takarda ciki, babu gashi, babu komai. Amma Kaka ba ta saduda ba. Ta ce, "Ba ciki ɗai a ka sa abu ba. Wa yas san abin da anka hwaɗi bisa ƙulli?"

Iya ta durƙusa ta tsince duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ta wanke su a ƙwarya, ta ajiye gaban Kaka. Ta ce, "To ki ƙulla da hannunki, da zarenki, da bisimillarki. Ni baki kawai zan sa."

Haka muka zauna muna kallon Kaka, da yatsunta masu man kifi da idonta da bai gani sosai, tana neman ramin dutse tana tsaki, Iya na cewa ja, ta ja. Kadan ya fito a karkace, ƙafa ɗaya gajera, ido ɗaya sama da ɗaya. Ba ta ce ta yi kuskure ba, ba halinta ba ne. Washegari dai ta zaɓa wa Iya kifi mafi kyau, sannan ita Kaka ta ɗaura kadan a makullin adakarta. Kawu bai ƙara riƙe kada a makullinsa ba.

Na girma ina ba da labarin nan a matsayin ranar da aka ci Kaka da gaskiya. Sai bayan na yi aure a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi na je duba ta, ta tsufa ƙwarai, na ga makullin a ƙarƙashin matashinta, kadan ya koɗe. Na ce, "Ashe daga baya kin yarda da Iya."

Ta harare ni. "Wa yac ce miki na yarda? Har yau ban sani ba. Korar baƙuwa bisa zato, in haɗu da Allah da hakkinta, ban iyawa. Barin abin ga ɗana, shi ma ban iyawa. Sai nic ce, in da wani abu ciki, shi hwara da ni."

Na daɗe ina ɗauka zargin Kaka mugun hali ne kawai, ashe tsoron uwa ce da ta binne 'ya'ya maza ya rage mata ɗaya, shi ma kullum yana bisa ruwa. Shekaru ta yi tana kwana da abin da take tsoro a ƙarƙashin kanta, ba ta gaya wa kowa ba. Makullin yana wurina yanzu. Adakar ta daɗe da lalacewa, amma na kasa cire kadan.