Kwanon Sodangi

Sodangi ya baro ƙauye ya shigo Sakkwato lokacin da kuɗin mai suka sa ko'ina ana haƙa rami ana shimfiɗa bututun ruwa. Ya koyi aikin famfo, ya zauna unguwar Gawon Nama, ya auri Dijatu. Mutum ne da bai iya cin abinci shi kaɗai ba. Ko gyaɗa ya saya sai ya nemi wanda za su ɓare tare. Shi ya kafa ciyayya a ƙofar gidansa: bayan magariba kowane maƙwabci ya fito da kwanonsa, a haɗa hannu. Har Bitrus kafinta, mutumin Filato, sai da ya janyo shi ciki. Shekara da shekaru faɗansu ɗaya ne: in tsoka ɗaya ta rage, kowa sai ya tura wa ɗan'uwansa.

A ƙarshen mulkin soja tari ya kama shi. Asibiti suka ce tarin fuka ne, a ware masa kwano da kofi. Dijatu ta ɗiga jan fenti a gindin kwanon tana share hawaye. Daga ɗaki yake jin dariyar 'yan ciyayya, sai ya ture tuwonsa gefe. Wallahi wannan ya fi tarin ci masa rai.

Wata da watanni yana shan magani, sai ƙara ramewa yake. Bitrus ya mayar da shi asibiti a babur, aka sake gwaji. Likita ya ce ƙanjamau ya cinye garkuwar jikinsa, kuma wannan ba tarin fuka ba ne, danginsa ne, ƙwayar da ke cikin ƙasa da ruwa, sai jiki ya yi rauni take samun ƙofa. Maganinta ba su da shi.

Sodangi bai tambayi kwana nawa suka rage masa ba.

"Likita, ana ɗaukatai ga kwano?"

"Ba a ɗauka. Shi ma ƙanjamau ba a kwano yake ba."

A hanyar gida har waƙa ya yi, tari na katse shi.

Da magariba ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofa. Amma labari ya riga shi isowa, sunan ɗaya cutar kuwa ya fi tari tsoratar da mutane. Wannan ya ce baƙi ya yi, wancan ya ce cikinsa ke ciwo. Sodangi ya zauna da kwanonsa mai jan fenti, miya tana hucewa. Kunya ta kama shi, ya ce wa Dijatu ta zo ta ɗauke.

Sai ga Bitrus, hannu rabbana, bai ko zo da nasa kwanon ba. Ya wanke hannu, ya zauna, ya yanki loma.

"Dijatu! Gishiri ya yi tsada ne a gidan nan?"

"Bitrus, ka dai ji abin da likita yac ce..."

"Na ji. Ai ni na kai ka. Ci, malam, kana ɓata mini lokaci."

Loma kaɗan Sodangi ya iya haɗiyewa. Da tsokar ƙarshe ta rage, ya sa yatsa ya tura ta gaban Bitrus. Wannan karon Bitrus bai mayar ba. Ya ɗauka daga inda yatsan ya taɓa, ya kai baki.