Marasa Lafiya Cikin Kwat

Shekara ashirin da bakwai Mai Hoto ya yi a shago ɗaya, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da katifa, kuma bai taɓa barin mutum ya fita da fuskar da ya shigo da ita ba. In ka zo da ƙurji, a shagon ƙurjin zai kwana. In ka zo a rame, zai zaunar da kai a ɗan karkace, ya ɗaga maka haɓa da yatsa ɗaya, ya juya fitila har kumatunka su ciko. Abin da fitila ta kasa, kwamfuta ta ƙarasa. Yana da kwat uku rataye a bayan ƙofa, da gwangwanin hoda, da wani labule mai zanen falo: kujeru masu taushi, da taga wadda ake hango mota a fake ta cikinta. Rabin unguwa sun taɓa zama a falon nan. Akwai wanda ya sami aiki da hoton, akwai kuma wanda aka tsare a ofishin fasfo rabin yini, don jami'in ya rantse hoton ƙanensa ya kawo.

In an yi masa magana sai ya ce, "Mutum ya biya ni in nuna masa abin da madubi ke nuna masa kyauta?"

Yakan kira wannan ɗabi'a tausayi. Mai yiwuwa akwai tausayin. Amma shi ne auta a gidansu, kuma tun yana ƙarami ya lura cewa yaron da ya kawo labari mai daɗi shi ake shafa wa kai. Da wannan ilimin ya girma, da shi ya yi aure, da shi yake ci.

Shekara uku da suka wuce idonsa na dama ya fara gani dishi-dishi. Likita ya duba ya ce yanar ido ce ta rufe shi, aikin minti ashirin ne, kuma na hagun ma ya ɗauko hanya. Da aka faɗa masa kuɗin aikin sai ya ji na hagun ya riga ya iso. Inshorar lafiya ta jiha kuwa ta masu albashi ce. Mai aikin hannu irinsa, in ya je tagar rajista, sai a tambaye shi takardar wurin aiki, shi kuma wurin aikinsa labule ne da kwat uku.

Sai ya sayi baƙin tabarau ya ce yayi ne. Ya koma leƙa kyamara da idon hagu. Dalilinsa a fili yake: wasu samari sun buɗe sabon shagon hoto a tsallaken titi, kuma babu amaryar da za ta zauna gaban mai hoto mai ido ɗaya.

A gida dai ba ta ɓoyu ba. Wata safiya ya tsiyaya shayi, rabi a kofi rabi a tebur. Matarsa ta tsaya tana kallo har ya gama.

"Baban yara, teburin ma ka zuba masa suga, ko haka yake sha?"

"Kofin ne kika ajiye a karkace."

"To. Jiya ma ƙofar ce ta taso ta same ka a goshi."

Ta goge teburin, ba ta kuma faɗa wa kowa ba.

Yayarsa kuwa nas ce da ta yi shekara talatin a asibiti kafin ta yi ritaya. Ritayar ba ta zaunar da ita ba. Ta tara teloli da masu walda da masu wanki da direbobi, suka kafa ƙungiya don matsa wa majalisar jiha ta yi dokar da za ta shigar da masu sana'ar hannu cikin inshorar, a kan abin da za su iya biya a wata. Gida-gida take bi da jakar takardu, kuma wanda ya ce ba shi da lokacin sa hannu, sai ta auna masa hawan jini a tsaye har ya samu lokacin. Har yanzu Auta take kiran ƙanenta, da furfurarsa da jikarsa guda.

Wata ranar Laraba Yaya ta shigo shago, mai gyaran agogo yana tsaye a bakin ƙofa, ta zauna a kujerar masu hoto ba a ce ta zauna ba.

"Auta, an sa rana. Kwamitin lafiya na majalisa zai saurari jama'a, kowace ƙungiya minti goma. Takarda ba ta taɓa zuciyar kowa. Hoto nake so. Mutum goma sha biyu zan turo maka, ka ɗauke su yadda suke. Ka ji ni? Yadda suke."

"Haba Yaya, aikin jama'a ne. Ko sisi ba zan karɓa ba."

Ya faɗi haka da hannu a ƙirji, har shi kansa ya ji ya burge kansa. Lissafin da ke ƙasan zuciyarsa kuwa daban ne. In dokar ta wuce a kan ciwon wasu, shi sai ya bi ƙarshen layi da tabaraunsa, a yi masa aiki a wani asibiti mai nisa, ya dawo ya ce ziyara ya je.

Ya yi niyyar bin umarni, wannan gaskiya ne. Har labulen falon ya naɗe ya jingine a lungu. Mai wanki ce ta fara zuwa, mace mai ciwon suga da ta rame har zoben hannunta sai da zare yake zama. Ta dubi bangon siminti, ta dubi labulen da ke naɗe.

"Malam, majalisa fa aka ce za a kai ni. A haka? Ina da surukai a garin nan."

"An ce yadda kike."

"Ai haka nake in na yi wanka. Miƙo hodar."

Ya miƙa. Da hoda ta hau fuska, sai ya ga bangon siminti bai dace da ita ba, ya warware labule. Da labule ya hau, sai ya ga wuyan nan ba zai bar shi ya fita haka da sunan shagonsa ba. Hannunsa ya kai kan fitila kafin ya yi shawara da kansa.

Mai walda ya shigo yana ɗingishi. Ƙuna ce a ƙwaurinsa ta zama gyambo, wata takwas yana ɗaure ta da tsumma. Kafin ya gama sallama Mai Hoto ya zura masa babbar kwat.

"Ƙafar fa, Malam? Ita aka ce in kawo."

"Ƙafa tana ɓata tsari. Daga ƙirji zuwa sama ake ɗaukar mutum mai daraja. Ɗago kai. Kada ka yi numfashi."

Mai walda ya leƙa hoton a bayan kyamara, ya daɗe yana kallo. "Ka wanke mini guda, in kai wa tsohuwata."

Tsohuwa mai gawayi, wadda tari ya hana ta sakat, da aron mayafi ta zo. Ita ce ma ta tambaya ko za a iya matso da motar kusa da kafaɗarta. Haka aka yi da duka goma sha biyun. Babu wanda ya ce a nuna ciwonsa sau biyu. Mai Hoto ya kwana biyu a gaban kwamfuta, hancinsa kusan yana taɓa gilashi, yana share tabo yana cike rami, ya tabbata bai taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba.

Saura kwana uku ya kai wa Yaya hotunan a filas na kwamfuta. Ta jefa a jaka. Ita da ke karanta takardar cikin kwalin magani gaba da baya, ba ta ce bari in gani ba.

Zauren majalisar yana da sanyi kamar cikin firji. 'Yan kwamiti suna zaune a kan dogon tebur, jama'a a ƙasa. Mai Hoto ya zaɓi kujerar baya, kusa da ƙofa. Da aka kira ƙungiyarsu Yaya ta tashi ta yi bayani tsaf, ta ce mutanenta suna mutuwa a tsaye saboda ba su da halin kwanciya a asibiti, sannan ta ce a kunna majigi.

Mai wanki ta bayyana a bango, kumatu luhu-luhu, tana murmushi a falonta. Sai mai walda cikin kwat kamar manajan banki. Sai tsohuwa mai gawayi, fata sumul, mota a kafaɗa. A hoto na huɗu wani ya fara dariya a hanci. A na shida zauren duka ya ɗauka.

Shugaban kwamiti ya cire tabaraun karatunsa. "Hajiya, waɗannan su ne marasa galihun? Wancan mai kwat ɗin kamar manajan banki, don Allah ki tambaye shi ko yana ɗaukar ma'aikata."

Wani ɗan kwamiti ya jawo makirfo ya ce shi dama ya sha faɗa, masu sana'ar nan suna da halin sayen inshorar kamfani, ƙorafi ne ya yi musu yawa, ga shi sun kawo shaida da hannunsu. Magatakarda ya ce saura minti huɗu.

Abin da ya fi ci wa Mai Hoto rai, hotunan sun yi kyau. Ko daga kujerar baya, da ido ɗaya, sun yi kyau. Ga kuma dokar tana zamewa, aikin idonsa yana bin ta.

Yaya ba ta ko kalli bangon ba. Ta juyo ta nemo shi har bayan zaure.

"Ranka ya daɗe, wanda ya ɗauki hotunan yana nan. Auta, taso ka yi musu bayani."

Ya taso, don bai taɓa iya ƙin tasowa in ta kira ba. A hanya ya shirya abin faɗa: kwamfuta ce ta haɗa hotunan da na wani biki. Ya iso gaba, ya kai hannu zai kama makirfo, ya damƙi iska a gefensa. Ya sake kai hannu, ya ture kofin ruwan magatakarda. Aka yi 'yar dariya, sannan mutane suka fara gane abin da ke faruwa.

Ƙaryar kwamfutar tana bakinsa, a shirye. Da ya faɗe ta, da ya koma shago da mutuncinsa, ya jira idon hagu ya gama rufewa.

Ya cire tabarau.

"Ranka ya daɗe, ni na gyara su. Sana'ata ke nan, ban iya wata ba. Motar nan zane ce, kwat ɗin tawa ce, mutum tara suka sa ta. Babu wanda yake so a kawo shi gabanku a wulaƙance, ni ma haka. Wannan idon shekara uku ke nan ba na gani da shi. Aikin minti ashirin ne. Na ɓoye don kada masu biki su gudu." Ya ɗan tsaya. "Yanzu kam sun gudu."

Kafin Shugaba ya ce wani abu, Yaya ta kunna fitilar wayarta ta haska idon, ta riƙe haɓar ƙanenta ta juya shi wajen teburin kamar mai tallar kaya. Ƙwayar fara fat. Daga cikin jama'a mai walda ya miƙe ya fara naɗe ƙafar wando.

"Ni ne manajan bankin, ranka ya daɗe."

Ya kwance tsumman. Ɗan kwamitin da ya yi maganar inshorar kamfani ya mayar da kallonsa kan silin. Mai wanki ta tashi ita ma, tana gyara mayafi, ta ce a dai yi mata adalci a rubuta cewa hoton ya fi kama da ita. Magatakarda ya ce lokaci ya cika. Shugaba ya ce a ƙara musu minti goma, a kuma taimaka a rufe ƙafar.

Kafin su dawo unguwa labari ya riga su. Masu biki biyu suka janye a makon, suka tsallaka titi wurin samarin. Mai katifa ya koma gaishe shi daga ɓangaren hagu, da ƙarfi, kamar kunnen ne ya lalace. Masu fasfo dai ba su daina zuwa ba, don samarin tsallake ba su da kwat.

Wata bakwai aka yi ana kai da kawowa. Yaya ta riƙa jan sa ofis-ofis, in an hana su shiga sai ta ce, "Auta, cire." Shi kuma ya cire tabarau kamar mai nuna katin shaida. Tun yana jin kunya har ya fara ɗan jinkirtawa kafin ya cire, don abin ya fi shiga jiki. Matarsa ta ce tana tsoron ranar da za a gyara idon, don ba ta san me zai riƙa nuna wa mutane ba.

Dokar ta fito a ƙarshe, an yanke mata nan an yanke mata can. Haƙori bai shiga ba, tabarau bai shiga ba, magunguna da yawa ba su shiga ba. Gyambo ya shiga, suga ya shiga. Yanar ido ta shiga a layi na biyun ƙarshe.

Ranar aikin Yaya ce ta raka shi, da safe, bai karya ba kamar yadda aka umarta. Suna tafe a barandar asibiti, tana riƙe da gwiwar hannunsa ta dama, sai ya yi tambayar da ta daɗe tana cin sa.

"Yaya, tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar da ka sayi tabarau. Kai da ko hula sai an zaɓa maka."

"Hotunan fa? Kwana uku suna jakarki."

"Ayyuka sun yi mini yawa."

"Yaya."

"Na ce maka yadda suke, ko ban ce ba? Gaban mai gyaran agogo na faɗa."

Ya tsaya cak. Yana so ya ga fuskarta, amma ta ɓangaren dama take, kuma ya fara zargin ba a banza ta zaɓi ɓangaren ba. Wata nas ta leƙo daga ƙofa ta kira lambarsa.

"Mu je," in ji Yaya. "Ɗaga ƙafa, akwai matakala biyu."